Zaɓin Makaranta da Adalcin Rabon Kuɗin Ilimi: Darasi Daga Amurka

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ilimi gishirin zaman duniya. Sai dai shi gishiri da kuɗi ake sayensa, kuma ba kowane gida ne ke samun awo daidai da na maƙwabcinsa ba. Fiye da shekara 30 ke nan ana tafka muhawara a ƙasar Amurka a kan hanyar da ta fi dacewa a bi domin ɗan talaka ya sami ilimi mai inganci. Wasu na ganin mafita ita ce a bai wa iyaye damar zaɓar makarantar da suke so, kuɗin gwamnati ya bi yaro duk inda ya tafi. Wasu kuwa na ganin wannan hanya ce ta tatse makarantun gwamnati har su durƙushe. Matsayin wannan maƙala shi ne, zaɓi abu ne mai kyau, amma ba ya magance ainihin ciwon, wato rashin adalci wajen rabon kuɗin ilimi tsakanin unguwannin masu hali da na marasa hali.

Tushen Matsalar

Kafin a fahimci wannan muhawara, wajibi ne a san yadda ake ɗaukar nauyin makarantu a Amurka. Gwamnatin tarayya kan bayar da kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai na kuɗin makarantun firamare da sakandare a shekarun da babu wani tallafin gaggawa. Sauran kuɗin daga jihohi da gundumomin ilimi yake fitowa, kusan rabi da rabi. Su gundumomin kuwa, akasarin abin da suke tarawa daga harajin gidaje da filaye ne. Ke nan gundumar da ke cike da manyan gidaje da masana'antu za ta tara kuɗi mai yawa ko da ta sa haraji kaɗan, ita kuwa gundumar talakawa ko ta matsa wa jama'arta lamba, abin da za ta samu bai taka kara ya karya ba.

Shari'ar da ta fi fito da wannan al'amari fili ita ce wadda ta taso daga birnin San Antoniyo na jihar Teksas. A shekarar 1968 wani ma'aikaci mai suna Demetrio Rodriguez tare da wasu iyaye daga gundumar Edgewood, wadda mafi yawan mazaunanta talakawa ne 'yan asalin Meziko, suka shigar da ƙara. Alƙaluman da aka gabatar wa kotu sun nuna cewa mutanen Edgewood na biyan haraji mafi tsanani a yankin, wato dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, amma abin da harajin ke samar wa kowane ɗalibi dala 26 ne kacal. Maƙwabciyarta Alamo Heights, ta masu hali, santi 85 take karɓa a kan dala 100, amma tana tara dala 333 ga kowane ɗalibi. Bayan an haɗa da tallafin jiha da na tarayya, ɗalibin Edgewood ya tashi da dala 356, na Alamo Heights kuwa dala 594.

A shekarar 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke hukuncin cewa tsarin mulkin ƙasar bai sanya ilimi cikin haƙƙoƙi na asali da gwamnatin tarayya za ta tilasta daidaito a kansu ba. Alƙali Thurgood Marshall na cikin waɗanda suka ƙi amincewa da hukuncin. Tun daga nan sai gwagwarmayar ta koma kotunan jihohi, kowace jiha da nata labarin. A Teksas ɗin ma sai a 1989 Kotun Ƙoli ta jihar ta bayyana tsarin a matsayin wanda ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Yaran da aka shigar da ƙarar farko dominsu sun riga sun girma kafin wannan lokaci.

Bayyanar Tunanin Zaɓi

A cikin irin wannan hali ne tunanin zaɓin makaranta ya samu karɓuwa. Salo biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne bauca, wato takardar kuɗi da gwamnati ke bai wa iyaye su kai makaranta mai zaman kanta. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ne ya gabatar da wannan shawara a 1955, birnin Milwoki ya fara aiwatar da ita ga 'ya'yan marasa ƙarfi a 1990, sannan a 2002 Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan shiri na birnin Kilibland duk da cewa yawancin kuɗin na tafiya makarantun addini.

Salo na biyu shi ne makarantun yarjejeniya, waɗanda Amurkawa ke kira cata. Makarantu ne da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, ba a biyan kuɗi a cikinsu, amma wata ƙungiya ce ke gudanar da su bisa yarjejeniya ta wasu shekaru. Ana sassauta musu dokoki da dama, bisa sharaɗin cewa idan ba su cika alƙawarin da suka ɗauka ba za a rufe su. Wani abin lura shi ne, shugaban ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin malamai, Albert Shanker, yana cikin waɗanda suka fara tallata wannan tunani a 1988. Burinsa shi ne malamai su sami ƙananan makarantu da za su gwada sababbin dabarun koyarwa, in dabara ta yi kyau a yaɗa ta a sauran makarantu. Jihar Minesota ce ta fara yin doka a kan haka a 1991, makaranta ta farko kuma ta buɗe a birnin Sen Pol a 1992. Zuwa farkon shekarun 2020 fiye da jihohi 40 suna da irin wannan doka, kuma yara fiye da miliyan 3 da rabi ne ke karatu a waɗannan makarantu, wato kimanin kashi 7 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati.

Abin da Ke Akwai na Alheri

Adalci ne a faɗi gaskiyar masu goyon bayan zaɓi. Mai hali a Amurka ya daɗe yana zaɓar makaranta, ko dai ta hanyar sayen gida a unguwa mai kyau, ko ta biyan kuɗin makaranta mai zaman kanta. Talaka ne kaɗai aka ɗaure wa ƙafa a makarantar unguwarsu, ko da rufinta na zuba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka uwar da ta ga ɗanta ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, babu mai hujjar ce mata ta yi haƙuri sai ranar da aka gyara tsarin ƙasa baki ɗaya.

Haka kuma akwai shaidar nasara. A birnin Bostan, inda masu neman gurbi suka fi guraben yawa har sai an jefa ƙuri'a, masana sun kwatanta yaran da ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ba su dace ba, suka tarar da cewa na farkon sun yi wa takwarorinsu nisa sosai a lissafi da Ingilishi. Cibiyar bincike ta CREDO da ke Jami'ar Sitanfod, wadda a 2009 ta gano cewa kashi 17 cikin ɗari ne kawai na makarantun yarjejeniya suka fi na gwamnati ƙoƙari a lissafi, kashi 37 kuma suka gaza su, ta dawo a 2023 ta ce matsakaicin ɗalibinsu ya ɗan zarce takwaransa, musamman a cikin 'ya'yan baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka marasa ƙarfi da ke birane.

Inda Gizo Ke Saƙar

Duk da haka, akwai matsaloli uku da nasarar wasu makarantu ba ta isa ta rufe su ba.

Ta farko ita ce lissafin kuɗi. Ana cewa kuɗi ya bi yaro, amma ɗawainiyar makaranta ba ta raguwa daidai da raguwar ɗalibai. A ɗauka aji yana da yara 30, sai 3 suka koma makarantar yarjejeniya. Makarantar ta rasa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ajin, alhali albashin malami bai ragu ba, kuɗin wuta da na gyaran gini da na motar ɗaukar ɗalibai duk suna nan. Dole a yanke wani abu, kuma yawanci ɗakin karatu ko darasin fasaha ko mai ba ɗalibai shawara ne ke fara shan wuƙa. Yara 27 da suka rage su ne ke biyan wannan bashi. Irin wannan fargaba ce ta sa masu jefa ƙuri'a a jihar Masacuset, duk da nasarar Bostan, suka ƙi amincewa da ƙara yawan makarantun yarjejeniya a 2016, da kusan kashi 62 cikin ɗari. A ɗaya ɓangaren kuma, su ma makarantun yarjejeniya a jihohi da yawa suna kukan cewa ba a ba su kuɗin gini, kuma abin da suke samu a kan kowane yaro bai kai na maƙwabtansu ba. Ashe dai in dambu ya yi yawa ba ya jin mai: ɓangarori biyu ne ke kokawa a kan tukunyar da tun farko ba ta cika ba.

Ta biyu ita ce sa ido. Duk inda aka sassauta doka kuma aka zuba kuɗin jama'a, sai an sami masu cin gajiyar sakaci. A jihar Ohayo, wata babbar makarantar yarjejeniya mai koyarwa ta intanet, ECOT, ta rufe a tsakiyar zangon karatu a watan Janairun 2018, bayan hukuma ta umarce ta da ta mayar da kimanin dala miliyan 80 da ta karɓa a kan ɗaliban da ba ta iya tabbatar da cewa sun yi karatu ba. Yara kusan 12,000 suka wayi gari babu makaranta, kuma makarantun gwamnatin da ake kushewa ne suka karɓi da yawa daga cikinsu.

Ta uku ita ce tambayar wane ne ke iya zaɓa. Zaɓi na buƙatar sanin yadda ake cika takardu, da abin hawa, da lokaci. Yaron da iyayensa ba su da ko ɗaya daga ciki, ko mai buƙata ta musamman, shi ake bari a baya. Tarihi ma yana da gargaɗi a nan. Bayan hukuncin 1954 da ya haramta ware makarantun farare da baƙaƙe, ƙaramar hukumar Prince Edward ta jihar Bajiniya ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964, aka riƙa tallafa wa 'ya'yan farare da kuɗin jama'a a makarantu masu zaman kansu, dubban shekarun karatu na yara baƙar fata suka salwanta. A zamanin nan kuwa, lokacin da jihar Arizona ta buɗe tallafinta ga kowa da kowa a 2022, mafi yawan waɗanda suka fara nema ba sa ma cikin makarantun gwamnati tun farko. Tallafin da aka faro da sunan ceton talaka ya zama rangwame ga mai iya biya.

Hanyar Gyara

Wasu kan ce ƙarin kuɗi ba ya gyara makaranta. Bincike bai goyi bayan wannan magana ba. Masana uku, Jackson da Johnson da Persico, sun bi diddigin yaran da suka yi karatu a gundumomin da kotu ta tilasta ƙara wa kuɗi, suka wallafa sakamakon a 2016. Sun gano cewa ƙarin kashi 10 cikin ɗari a tsawon shekara 12 na karatu ya sa 'ya'yan marasa ƙarfi sun ƙara kusan rabin shekara a makaranta, kuma abin da suke samu bayan sun girma ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari.

Saboda haka matakin farko shi ne a auna rabon kuɗi da buƙatar yaro, a daina auna shi da darajar gidan maƙwabtansa. Jihar Kalifoniya ta kama wannan hanya a 2013, inda ta ware ƙarin kashi 20 cikin ɗari a kan kowane ɗan talaka, ko mai koyon Ingilishi, ko yaron da ke hannun riƙo. Mataki na biyu, duk makarantar da ta ci kuɗin jama'a ta buɗe littafin kuɗinta da sakamakon jarrabawarta, ta karɓi kowane yaro ba tare da tankaɗe da rairaya ba. Na uku, a riƙa biyan gundumar da ta rasa ɗalibai diyya ta ɗan lokaci, har ta daidaita ɗawainiyarta.

Kammalawa

Wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha ganin jihohi sun bar kuɗin yana kwance shekara da shekaru saboda ba su cika sharaɗin ba. A lokaci guda ƙananan makarantun kuɗi na ta yaɗuwa a lungunan birane, iyaye na guje wa azuzuwan da suka cika maƙil. Ɗalibin da ke shirin zama malami zai tarar da wannan tambaya tana jiransa a bakin aji: idan masu iya tafiya sun tafi, wa zai kula da waɗanda suka rage? Ƙwarewar Amurka ta nuna cewa zaɓi na iya ceton wasu yara, amma mafi yawan yara a makarantar unguwa za su ci gaba da zama. Nauyin samar wa wannan makaranta malami da littafi da rufi mai kyau yana wuyan hukuma, kuma babu wata yarjejeniya da za ta sauke mata shi.