Gaisuwar Mai Iko Daban Ta Ke Da Ta Talaka

Ga wata magana da na ke so mu duba tare.

Al'ada ce a ƙasarmu idan jirgin sama ya faɗi, wakilanmu na Majalisa su miƙe tsaye shiru na minti guda, su yi wa mamata addu'a, su yaba wa 'yan kwana-kwana da likitocin da suka kai ɗauki, kana su naɗa waɗanda za su kai gaisuwa. Ban ga aibin wannan ba, gama ta'aziyya hakki ce. Amma fa gaisuwar mai iko daban ta ke da ta talaka. Talaka in ya ce Allah ya jiƙan rai, ya sauke nauyinsa. Wanda aka danƙa wa alƙalamin doka da mabuɗin baitulmali kuwa, da sauran aiki a wuyansa.

Ku tuna da ranar 11 ga Yuli 1991, sa'ad da jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato da mutum 261. Bincike ya nuna waɗansu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuwa sani, amma aka tashi haka nan don gudun jinkiri. Taya ta fashe a kan hanyar tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin cikin jirgin da wutarsu. Matuƙin ya juyo, bai kai ga sauka ba. Ko mutum ɗaya bai tsira ba.

Wani zai ce ajali ne. Gaskiya ne, ba mai wuce kwanansa. Amma malamai sun fi ni sanin cewa tawakkali bai kore riƙo da sababi ba. Falken da ya ga igiyar kayansa ta ruɓe ya ɗaura haka nan, kaya suka zube a rafi, ai ubangidansa ba zai karɓi ƙaddara kaɗai a bakinsa ba. A waccan shekara soja ke mulki, babu Majalisar Tarayya da za ta tambayi kowa. Yau akwai ta, sabo da haka uzuri ya ƙare.

Ku tuna kuma da ranar 4 ga Mayu 2002, da jirgi ya tashi daga Kano ya faɗa unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da ministan wasanni, Ishaya Mark Aku, da waɗanda mutuwa ta tarar a ɗakunansu, ba su ko yanki tikiti ba. Mutanen unguwa su suka ruga cikin hayaƙi suna tonon 'yan'uwansu daga ƙarƙashin gini. Idan za a yi yabo a zauren Majalisa, waɗannan na cikin mafi cancanta.

Ba na cewa Majalisa ba ta taɓa motsawa ba. Daga Oktoba 2005 zuwa Oktoba 2006 jirage uku na fasinja suka faɗi: ɗaya a Jihar Ogun da mutum 117, ɗaya a Fatakwal inda 108 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta, na uku kusa da filin jirgin Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006. A cikinsa mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da 'yan Majalisar Dattawa biyu, watau ɗansa Badamasi Macciɗo da Sule Yari Gandi. A watan Nuwamba na shekarar aka sa hannu kan sabuwar dokar sufurin jiragen sama. Irin wannan ita ce ta'aziyyar da ta dace da masu doka. Abin baƙin ciki, sai da rayuka 321 suka salwanta ta tabbata.

To, abu uku na ke roƙo. Na farko, in za a karanta sunaye a karanta duka, babba da yaro, na cikin jirgi da na ƙasa, a rubuta su a littafin Majalisa. Na biyu, yabon ɗan kwana-kwana ya zama mota mai lafiya, da ruwa a cikinta, da albashi kan kari, da kula da iyalinsa in ya rasu a bakin aiki. Yabo ba ya kashe wuta. Na uku, rahoton masu bincike a kawo shi gaban Majalisa, a kira masu jirage da hukumomi su faɗi abin da suka gyara, a sake kiransu baɗi.

Ku kuma, ya malamai da 'yan kasuwa, ku ne masu hawa jiragen nan zuwa Makka da wuraren fatauci. In wakilinku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi abin da ya yi bayan ya zauna daga tsayuwar nan ta minti guda.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya saka wa masu ceto da alheri, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin. Haza wasalam.