A daina cire wa injina makunnin da ke tsayar da su

Daga Ƙofar Guga zuwa sauran unguwannin Katsina, ba wuya ka ga tankin ruwa ya cika yana zuba a bango har ya yi kwata, injin sumo kuma yana ta aiki. Wannan a garin da ruwan madatsar Ajiwa bai ishi jama'a ba, 'yan garuwa na tura kura.

Maganin abin ɗan ƙaramin makunni ne da ke yawo a saman ruwa. Tanki na cika sai ya ɗago ya yanke wuta. Ɗan'uwansa da masu aikin lantarki ke kira limit suwic, wato makunnin iyaka, haka yake aiki: ɗan hannu ne mai ƙaramar taya, idan abin da ke tafiya ya kai ƙarshen hanyarsa ya danne shi, sai injin ya tsaya. Shi ke tsayar da get mai buɗe kansa, da lifta, da ƙugiyar ɗaga ƙarfe a masana'antu irin kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina. Irinsa ne ke kashe fitilar firji idan an rufe ƙofa.

Matsalar ita ce ranar da ya lalace. Sai mai gyara ya ce, "Alhaji, bari mu haɗa shi dairek kafin a samo wani." Ya murɗe wayoyi biyu, ya naɗe da salatif. Wanin kuwa ba a taɓa samo shi.

Ni a ganina wannan ganganci ne. Injin da ya kai bango amma ba a yanke masa wuta ba yana jan lantarki ninki biyar ko fiye, nan da nan wayar cikinsa ta ƙone. Idan get ne ko injin ɗaga kaya, hannun mutum ke cikin haɗari. Ga kuma kuɗin wuta, tun da aka kai 'yan rukunin Band A Naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024.

Laifin ba na masu gyara kaɗai ba ne, sau da yawa maigida ne ke jin ƙyashin kuɗin sabo. Ya kamata Kwalejin Hassan Usman Katsina da sauran wuraren koyar da sana'a su nace wa ɗalibai: a gwada makunnin gaban mai kaya kafin a karɓi kuɗin aiki, idan ya mutu a canza shi a ranar.