Mas'alar Izinin Jan Wutar Lantarki a Gida da Rumfa

Mas'alar yau ita ce ta takardar izinin da a ke nema kafin a ja wutar lantarki, ko a sabunta waya, ko a kafa inji. Mutane da yawa sun ɗauke ta haraji ne da a ka sake wa suna. Wannan zato kuskure ne, ko da ya ke akwai abin da ya jawo shi.

Wuta ta bi ta hannuwa da yawa a Nijeriya. ECN ta fara aiki a 1951, NEPA ta gaje ta a 1972, sa'an nan a 2013 a ka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, watau irin KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. A 2015 a ka kafa hukumar NEMSA, a ka ɗora mata duba aikin waya, da gwada mita, da ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. Abin da doka ta ke nufi a taƙaice shi ne, mai shaida ya yi aikin, a kuma duba shi kafin a saki wuta a ciki.

Hikimar wannan ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san fatauci. Kowace waya da iyakar kayan da ta ke ɗauka, kamar yadda ba a aza wa jaki kayan raƙumi. Mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket ce, manyan injuna kuwa sai wadda ta fi haka. In an ninka wutar da ke bi ta cikin waya sau biyu, zafinta sau huɗu ya ke ninkuwa. Robar da ta lulluɓe ta sai ta yi ta gasuwa a ɓoye, cikin bango ko bisa rufi, har ranar da za ta narke. Domin haka a ka sa fis, ya tsinke kafin waya ta kama. Amma sau nawa fis ya tsinke, maimakon a tambayi dalili, sai a ɗaura masa waya mai kauri, wani ma ƙusa ya ke sawa? Wannan daidai ya ke da a ɗaure bakin mai gadi don ihunsa ya hana barci.

Sabon gini ya kan sami ɗan dubawa, gama mai shi yana neman mita. Inda ɓarna ta ke shi ne gyara da ƙari. Rumfa ce a ka ja mata waya domin ƙwai ɗaya. Kasuwa ta yi albarka, a ka sa fanka, a ka kawo firiza, bayan shekara a ka kafa injin markaɗe, maƙwabci ya roƙi a ba shi reshe, a ka ji kunyar hana shi. Waya tana nan yadda ta ke tun fari, ba wanda ya tambaye ta ko za ta iya. Ga rumfuna jingine da juna, rufi ɗaya, cike da atamfa da katifu da robobi. In an ɗauke wuta da yamma a ka tashi ba a kashe kaya ba, tsakar dare za ta dawo, kasuwa a kulle. Ba a manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna, ko ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021. Kowace gobara da nata sanadin, ba duka ne waya ta haddasa ba. Amma dukansu sun nuna cewa wutar da ta tashi a rumfa ɗaya ba ta tsayawa a iyakar mai ita, har kayan amana da na bashi ta ke ci.

Malamai kuwa su ne su ka fi cancanta su gane wannan takarda, domin 'yar'uwar ijaza ce. Ba a yarda mutum ya karantar da littafin da bai ɗauka a gaban malami ba, kome kaifin basirarsa. To, yaya a ke miƙa wayar makaranta, inda almajirai su ke kwana kusa da tabarmi da alluna, ga yaron da iyakar iliminsa riƙe wa maigidansa tsani? Hatsi in ya ƙone a na sake nomawa, amma littafin da kaka ya rubuta da hannunsa ba a sayo shi a kanti. Har wa yau, malaman Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a, irin maɗinki da marini, lamunin kayan da a ka ba shi in sun salwanta a hannunsa. Lamuni ba ya tabbata sai an san wanda ya yi aiki, takardar izini kuwa ita ke riƙe da sunansa da ranar aikin.

Akwai kuma haƙƙin wanda ba a gani. Mai janareta da ya haɗa shi da wayar gida ba tare da makunnin canji ba, wutarsa ta kan fita ta hau layi. Ma'aikacin da ke bisa turke yana gyara, ya sakankance an kashe wuta, shi za ta sama. Mai dubawa na ƙwarai wannan makunni ya ke fara nema, da wayar da a ke binnewa a ƙasa domin ta janye wutar da ta ɓalle a jikin inji.

Amma ba za a ɗora laifi duka a kan talaka ba. Wanda ya bar rumfarsa kwana uku yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi ba zai koma ba. Wanda kuma a ka sa wa hannu a takarda alhali ba wanda ya taka ƙofarsa, ya koyi cewa takarda a ke saye, ba lafiya ba. Tun da dokar 2023 ta ba jihohi ikon tsara sha'anin wuta a cikin iyakokinsu, uzurin cewa abin yana can Abuja ya ragu. A bayyana kuɗin dubawa a rubuce, da boko da ajami, a manna a ƙofar kasuwa, tare da sunayen masu shaida na garin.

Shugabannin kasuwa ba sai sun jira wannan ba. Kowane layi yana da ƙungiya da asusu. Su ɗauko mai shaida ɗaya ya bi rumfuna layi layi kafin hunturu ya shigo kaya su bushe, ya rubuta wa kowa abin da wayarsa za ta iya ɗauka, wanda zai ƙara inji kuma ya sanar da ƙungiya tukuna.