Kyanwar da Take Ci Tana Ramewa

A gidan Bahaushe, idan aka je duba marar lafiya, tambayar da ke biyo bayan gaisuwa ita ce, "Yana dai cin abinci?" Idan aka ce yana ci, sai hankali ya kwanta, a ce to da sauƙi. Wannan ma'auni ya daɗe yana yi wa mutane aiki, domin zazzaɓi da ciwon ƙoda da yawancin cututtuka sukan fara ne da kashe sha'awar abinci. Amma akwai inda yake yaudarar mai shi, kuma yaudarar ba ta fitowa fili a ko'ina kamar yadda take fitowa a jikin kyanwar da ta manyanta. Za a ga tana cinye kwanonta tas, tana bin uwargida har madafa tana kuka, wani lokaci ma ta koyi satar da ba ta saba ba, alhali mai shafa bayanta yana jin ƙashi yana ƙara fitowa wata bayan wata.

Irin wannan ci alama ce ta ciwo, kuma ya kamata ya tayar da hankalin mai kyanwa kamar yadda ƙin ci zai tayar masa. Lissafin ba shi da wuya. Idan abinci yana shiga jiki amma nama yana zubewa, to ko dai abincin bai ƙunshi abin da jikin ke bukata ba, ko hanji ba ya tsotse shi, ko yana fita ta fitsari, ko kuma jikin yana ƙone shi da saurin da ya wuce ƙima. Likitan dabbobi yakan ji daɗin jin cewa kyanwar tana ci, saboda hakan ya rage masa yawan cututtukan da zai yi zargi. Mai gida kuwa yakan ji daɗin ne saboda ya ɗauka babu abin zargi, sai ya zauna har a makara.

Dalilai biyu ne suka fi zaunar da mutane, tsufa da tsutsar ciki, kuma kowannensu yana da ƙamshin gaskiya. Kyanwar da ta haura shekara 12 ba ta narkar da kitse da nama kamar da, don haka takan ɗan faɗa. Sai dai ba a yanke hukuncin tsufa sai an nemi ciwo an rasa. Tsutsa kuma tana nan ba shakka, musamman ga kyanwar tsakar gida mai farautar ɓeraye a rumbu: tana kwasar tsila daga ɓera ko daga ƙumar da ta haɗiye wajen lasar jiki, macijin ciki kuma yakan bi nonon uwa ya shiga 'ya'ya. Ga 'yar kyanwa mai kumburarren ciki da siraran ƙafafu, ko mai shayar da 'ya'ya huɗu, ba sai an je da nisa ba. Haka nan wadda ake ciyarwa da ragowar tuwo da miya kaɗai. Kyanwa dabba ce mai cin nama zalla, akwai sinadarai irin su taurin da jikinta ba ya iya haɗawa yadda zai ishe ta, sai ta same su a nama ko kifi. Tuwo yana cika mata ciki ne kawai, albasar miyar kuma tana lalata mata jini. Duk wannan a gyara shi da farko, domin shi ne mafi araha. A ba ta maganin tsutsa na dabbobi sau ɗaya bisa umarnin likita, a ƙara mata nama, a sake auna ta bayan mako uku. Idan nauyin bai tsaya ba, maimaita maganin tsutsa karo na uku da na huɗu ɓata lokaci ne. Ana zaton wuta a maƙera ne, ita kuwa ta tashi a masaƙa.

Masaƙar, ga kyanwar da ta kai shekara goma, galibi tana wuyanta. Akwai wata 'yar tsoka mai ɓari biyu a gefen maƙogwaro da ake kira tayirod, wadda kumburinta ke haifar da maƙoƙo a jikin mutane. Aikinta shi ne fitar da sinadarin da ke tsara saurin da jiki zai riƙa ƙone abinci. Idan ta kumbura ta fara fitar da shi ba ƙaƙƙautawa, sai jikin ya zama kamar murhun da ake ta yi wa fifita: kowane itace aka sa sai ya cinye nan take, idan itacen ya ƙare kuma ya koma kan naman jikin dabbar. Shi ya sa yunwarta ba ta ƙarewa. Takan yawaita shan ruwa, ta riƙa kai da komo tana kuka cikin dare, gashinta ya hargitse, wani lokaci ta yi amai don ta ci da garaje. Abin takaici, masu gida da yawa sukan yi murna da wannan kazar-kazar, su ce tsohuwa ta dawo da ƙuruciya.

Tarihin cutar yana da ban mamaki. Sai a shekarar 1979 likitan dabbobi Mark Peterson ya fara bayyana ta a birnin New York na Amurka, a 1980 kuma Jean Holzworth da abokan aikinta a Boston suka wallafa bayanin kyanwoyi goma masu ita. Kafin nan littattafan likitancin dabbobi ba su san ta a matsayin ciwon kyanwa na yau da kullum ba. A yau kuwa, a ƙasashen da ake yawan gwada jinin dabbobi, ana kiyasin kusan kyanwa ɗaya cikin goma da suka wuce shekara goma tana ɗauke da ita. Masu bincike sun zargi abincin gwangwani, da hawa da saukar sinadarin aidin a cikinsa, da sinadaran hana kama wuta da ake sa wa katifu da kujeru, ba tare da an kama ɗayansu dumu-dumu ba. Wani ɓangare na amsar dai shi ne kyanwoyi sun fi daɗewa a duniya yanzu, likitoci kuma sun koyi neman cutar. Labari mai daɗi a nan shi ne kumburin kusan kullum ba na ciwon daji ba ne; na dajin bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba.

To idan ba daji ba ne, me ya sa ake gaggawa? Saboda zuciya. Bugun zuciyar kyanwa mai lafiya yana tsakanin 140 zuwa 220 a minti ɗaya, na mai wannan ciwo kuwa yakan haura 240, bangon zuciyar ya yi kauri, daga baya ruwa ya taru a ƙirji. Hawan jini yakan biyo baya a wasu, kuma yana iya ɓamɓare tantanin da ke bayan ido, kyanwa ta kwana da gani ta wayi gari makauniya tana karo da bango. Duk tsawon wannan lokaci kwanonta yana dawowa a side.

Ciwon sukari shi ne na biyu a zargi. A nan abincin yana narkewa, sukari ya shiga jini, amma ya kasa shiga tsoka saboda insulin ya gaza, sai ya malale ta fitsari. Yawanci kyanwar da ta taɓa yin ƙiba ce take kamuwa, kuma maza sun fi. Tana shan ruwa kamar ba gobe, fitsarin ya yi yawa, idan abin ya daɗe ta fara tafiya tana dafa dunduniyar ƙafar baya a ƙasa. Gwajinsa yana da tarko ɗaya: tsoron asibiti kaɗai yana iya ɗaga sukarin jinin kyanwa, don haka likita mai lura yakan haɗa da gwajin fitsari, ko wani gwajin jini mai nuna matsakaicin sukari na makonnin da suka gabata.

Idan wuya da sukari suka fita daga zargi, sai a koma hanji. Kumburin hanji mai daɗewa, da wani ciwon daji na hanji mai tafiyar hawainiya, da gazawar tsokar fankiriyas wajen fitar da ruwan narkar da abinci, duk suna hana jiki cin moriyar abin da aka haɗiye, kuma ba dole ne a ga zawo ba. Waɗannan sun fi wuyar ganowa, sukan bukaci hoton ciki da awon bitamin B12.

Babbar hujjar mai jinkiri ita ce kuɗi, kuma ba a raina ta. Gidan da ke fama da kuɗin makarantar yara ba zai yi saurin kai mage gwajin jini ba, ko da kuwa akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Amma mataki mafi amfani a duk wannan lamari kusan kyauta ne, wato sikeli. Ido ba ya ganin ramar kyanwa, saboda gashi yana rufe ta, kuma mai ganin dabba kullum shi ne na ƙarshe da zai lura ta canja. Kyanwa mai kilo 4 da ta rasa giram 400 ta rasa kashi goma cikin ɗari na jikinta, daidai da mutum mai kilo 70 ya zubar da kilo 7. Babu gidan da za a ga maigida ya zubar da kilo 7 yana cin tuwo malmala biyu a yi shiru. A sa ta cikin jaka a rataya a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da kifi, sau ɗaya a wata, a rubuta a takarda. Raguwar kashi biyar cikin ɗari, ko raguwa wata uku a jere komai ƙanƙantarta, ta isa dalilin ganin likita. Wannan takarda takan rage kuɗin asibiti ma, domin likitan da ya ga shekaru da jerin nauyi ya san gwajin da zai fara da shi.

Gwajin kuwa, ga babbar kyanwa, shi ne awon sinadarin tayirod da ake kira T4, tare da sukari da aikin ƙoda. Sakamako mai kyau sau ɗaya ba ya rufe magana, domin a farkon ciwon, ko idan wata cuta ta haɗu da shi, awon yakan fito daidai. Sai a maimaita bayan 'yan makonni.

Ciwon tayirod yana jin magani sosai. Akwai ƙwayar metimazol ko ta karbimazol da ake ba ta kullum har ƙarshen rayuwa, akwai tiyata, akwai abinci na musamman mai ƙarancin aidin, akwai kuma allurar aidin mai tururin nukiliya da ake yi a manyan asibitocin dabbobi na Amurka da Turai, wadda ke warkar da kusan kashi 95 cikin ɗari da allura guda. Kasancewar ƙwayoyin irin waɗanda ake ba mutane ne bai sa mai gida ya zama likita ba. Jikin kyanwa ba ya sarrafa magunguna kamar na ɗan Adam, har ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta. Akwai kuma wani dalilin da ya sa likitoci da dama suka fi son farawa da ƙwaya kafin maganin da ba a iya janyewa: yawan sinadarin tayirod yana tura jini da ƙarfi ta cikin ƙoda, ya ɓoye rauninta. Idan aka saukar da shi, ciwon ƙodar da ya daɗe a lulluɓe yakan bayyana. Don haka ake sake gwada jini bayan mako biyu zuwa uku da fara magani, a duba T4 da ƙoda tare, a daidaita adadin ƙwayar, sannan a sake ɗora ta a kan sikeli.