Zancen Gida: Ƙaramar Mota

'Yan'uwa, tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, lita ta tashi daga wajen naira 190 zuwa fiye da 500 cikin 'yan kwanaki. Mun ga magidanta da dama sun jingine manyan motocinsu, suna kawo iyali sujada a keke napep.

Don haka in ɗan'uwa ya nemi shawararmu, mukan ce ya dubi ƙananan nan masu ƙofa a baya, irin su Kia Picanto da Suzuki Alto. Injin Picanto lita 1.0 ne ko 1.2, jikinta kuma ba nauyi, shi ya sa ba ta shan mai. Takan kai yara makaranta, ta kai uwargida kasuwa, ta kuma sami wurin tsayawa inda babba ba za ta shiga ba. Wasu za su ce motar yara ce. To, masu faɗin haka ba su ne za su biya kuɗin makaranta a watan Satumba ba.

Amma cikinta kusa yake da ƙasa. Hanyar ƙauye da damina takan wahalshe ta, kuma buhun masara uku da mutum biyar sun fi ƙarfinta. In ta hannu ce, a tafi da makaniki amintacce, a kuma fara tambaya ko ana samun kayan gyaranta a garin kafin a biya kuɗi.