Unguwar Birni ta Damagaram: ina gyara ya kamata ya soma?

A farkon watan Satumba na shekara ta 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe. An gina shi da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ƙarnin da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ganuwa. Jama'a sun ce aikin damina ne. Gaskiya ne, amma damina ta iske Birni ta riga ta gaji.

Tun da aka mai da babban birnin ƙasa Yamai a 1926, sabbin gine-gine suka yi ta tafiya wajen ganuwa. Masu hali sun sayi filaye a sabbin unguwanni. Gidajen kakanni sun zama gidajen gado: magada goma, ko ashirin, kowa da haƙƙinsa, ba wanda nauyin yaɓe ya hau kansa. Ginin ƙasa kuwa ba ya haƙuri da sakaci. In aka ƙetare shekara biyu ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, ruwa ya shiga soro, azara ta ruɓe. Wasu sun shafe bango da siminti don su huta. Simintin ya tsare laima ciki, bangon yana cinyewa ba a gani.

Ga kuma ƙasar wurin. Damagaram bisa dutse take, ruwa ba ya nutsewa da sauri. Lunguna ƙanana ne, lambatu kaɗan. Garin da ya yi suna wajen wahalar ruwan sha, ruwa ne ke cin gindin gidajensa.

Akwai masu ganin a sa katafila, a buɗe hanyoyi, a sake rabon filaye. Wannan shawara tana da sauƙi a takarda. Sai dai talakan da aka tayar ba zai iya komowa ba, kuma Nijar da kanta ta sa Birni cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006. Agadas ta samu wannan matsayi a 2013 da gininta na ƙasa.

Aikin da ke gaban ma'aikatar magajin gari da fadar Sarki ya fi wannan ƙanƙanta, ya fi shi wuya: a haƙa lambatu kafin damina, a ƙidaya gidajen da suka tsage, a sa magadan kowane gida su fid da wakili guda, a koma ga maginan gargajiya tun suna da almajirai.