Kafin a koma gona, tambayi inda ake haihuwa da dare

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, wata irin tambaya take yawan zuwa mini. A makon jiya ma wata 'yar'uwa ta turo. Maigidanta ya samu gona a wani ƙauye, yana so su bar gidan haya su koma can gaba ɗaya: a noma abin da za a ci, a kiwata kaji da awaki, a haƙa rijiya, a sa sola, a huta da cefane. Tana da yara uku da cikin wata biyar. Ta ce, "Sista, ni ban ƙi ba, amma gabana faɗuwa yake yi."

Ba mu kaɗai ke wannan tunani ba. A Amurka akwai mutanen da suka mayar da shirin ko-ta-kwana hanyar rayuwa. Suna tara abincin watanni, suna tanadin ruwa da magani, suna neman wurin da za su dogara da kansu idan al'amura suka rikice. A 2011 wani marubuci, tsohon jami'in soja, James Wesley Rawles, ya shawarci irinsu da su koma jihohin Idaho da Montana da Wyoming da gabashin Oregon da Washington. Kafin su sayi fili sai sun auna gundumar, wato kamar ƙaramar hukuma a nan. Akwai ruwa? Ƙasa na yin amfani? Mutane nawa ne? Yaya nisanta da babban birni?

Gundumar Bonner da ke arewacin Idaho, kusa da Kanada, tana cikin waɗanda suka ci wannan jarrabawa. A ƙidayar 2020 mutanenta dubu 47 ne da 'yan kai. Ga daji, ga itacen wuta, ga tafkin Pend Oreille, mafi girma a jihar, mai zurfin sama da mita 300. Tana da nata cikas: dusar ƙanƙara mai yawa, lokacin noma gajere, gobarar daji idan zafi ya zo. Waɗannan duk ana iya yi musu tanadi. Sai ga shi a 2023 asibitin Sandpoint, babban garin gundumar, ya daina karɓar haihuwa. Ya ce likitocin yara sun yi ƙaranci, masu haihuwa sun ragu, dokokin jihar kuma suna sa likitoci barinta. Mata da yawa sai sun tafi Coeur d'Alene, sama da kilomita 70, wani lokaci a kan titin da ƙanƙara ta rufe. Mai buhunan alkama na shekara biyu a ɗaki bai da abin da zai yi wa matarsa idan jini ya ɓalle mata.

Nan ne nake so mu tsaya, don a lissafin maza abin da ake yawan mantawa ke nan. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Ba ya sallama, kuma yakan zo wa wadda ta haihu sau biyar a gida lafiya lau. Ina tuna wata da aka kawo mana da asuba a watan Agusta. Ƙauyensu bai kai tafiyar minti arba'in ba da rani, amma a daren rafi ya kawo, sai da suka jira ruwa ya janye. Ta iso tafin hannunta fari fat. Leda uku ta sha na jini kafin ta dawo hayyacinta. Allah ya yi da sauran kwana. Mijin kuwa mai hali ne, rumbunansa cike.

Don haka idan an ce asibiti "nan kusa ne", ki tambaya: kusa a wane wata, kuma da ƙarfe nawa? Ki je ƙaramin asibitin da kanki. Ganin gini da fenti bai isa ba. Akwai ungozoma mai kwana? Suna da firij mai aiki? Allurar tsayar da jini da ta rigakafin yara suna son sanyi. Ina ne wuri mafi kusa da ake tiyata da ƙarin jini, kuma motar wa za a tasa da ƙarfe biyun dare? Ki ƙara da maganin sarar maciji, musamman inda kububuwa take da yawa. Ba banza aka yi asibitin sarar maciji a Kaltungo ta jihar Gombe ba. Manomi da yaron da ke tafiya ba takalmi su ne abin harinta. Idan kuma akwai mai sikila, ko mai asma, ko mai ciwon suga da ke allura a gidan, to nisan nan shi ne magana ta farko.

Ruwa kuma a watan Afrilu ake duba shi. Kowace rijiya gwana ce da damina. Ki tambayi matan garin, ban da mai sayar da gonar: daga ina kuke ɗebo ruwa idan rani ya tsananta, kuma wa ke ɗebowa? Amsar ita za ta gaya miki ko 'yarki za ta ci gaba da makaranta ko jarka za ta ɗauka.

Maganar tsaro ba sai na tsawaita ba. Mutanen garin suna kwana a gidajensu? An girbe amfanin bara ba tare da an biya wasu ba? Gonar da ta yi araha fiye da kima, akwai dalili. Takarda kuwa, a tabbatar dagaci ya shaida, kuma idan gonar gado ce duk magada sun sa hannu.

Abu ɗaya da ban yarda da masu shirin Amurkan nan ba shi ne son nisantar mutane. A ƙauye maƙwabci shi ne motar asibiti, shi ne mai gadi. Garin da ba ku da kowa, sai kun yi shekaru kafin a buga muku ƙofa idan an ji motsi.

Ga abin da na rubuta wa 'yar'uwar nan. Kada ki kashe wa maigida gwiwa, tunaninsa mai kyau ne. A sayi gonar idan ta ci waɗannan tambayoyi, ya noma damina ɗaya yana zuwa yana dawowa, a kawo hatsin gida, a zuba waken a buhun PICS ba sai an sa masa guba ba. Ke kuma ki haihu a inda kike awo. Bayan arba'in ku je ku yi mako biyu, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a tsakiyar damina, sannan ku zauna ku yanke shawara.

Waɗanda suka riga suka koma a cikinku, ku gaya mana: awa nawa ne daga ƙofar gidanku zuwa inda ake ƙarin jini?